Wiliyam Tindal da Kalmar Ikkilisiya

Kowace Lahadi mukan ce za mu coci, amma in mun buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, kalmar da muke tararwa ita ce ikkilisiya. Wani yaro a ajin masu shirin baftisma ya taɓa tambayarmu ko su biyun abu ɗaya ne. Tambayar ba ƙarama ba ce. Wajen shekara 500 da suka wuce ta haddasa gardama mai zafi tsakanin manyan masana biyu na ƙasar Ingila, ɗayansu kuwa shi ne Wiliyam Tindal, wanda ya fara juya Sabon Alkawari daga Helenanci kai tsaye zuwa Turanci, aka kuma buga shi da injin ɗab'i.

An haifi Tindal wajen shekara ta 1494 a gundumar Gloucestershire, a yammacin Ingila, ƙasar masu kiwon tumaki da masaƙa. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya sami digirin farko a 1512, na biyu a 1515, aka kuma naɗa shi firist. Allah ya ba shi baiwar harsuna. Ban da Latin, ya ƙware a Helenanci, daga baya ya koyi Jamusanci da Ibrananci.

A zamaninsa Littafi Mai Tsarki na Latin ake karantawa a sujada, wato juyin da Jerom ya yi tun wajen shekara ta 400. Manomi da masaƙi ba sa jin ko kalma ɗaya. Tun 1409 kuma akwai dokar shugabannin ikkilisiyar Ingila wadda ta hana kowa juya Nassi zuwa Turanci sai da iznin bishof, saboda rikicin da ya biyo bayan juyin almajiran Wikilif. To, a 1516 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Irasmus ya buga Sabon Alkawari cikin Helenanci. Daga ran nan duk mai jin harshen yana iya ɗora Latin kusa da asalinsa ya gwada.

A 1523 Tindal ya tafi Landan wurin Bishof Tunstall neman izni da wurin zama domin aikin juyi. Bishof ya ce ba wuri a gidansa. Wani attajiri mai fataucin tufafi, Humphrey Monmouth, ya sauke shi har wata da watanni, a 1524 kuwa ya haye teku zuwa Jamus. Bai ƙara taka ƙasarsu ba. An fara buga littafin a birnin Kolon a 1525, aka tsegunta wa hukuma, ya tattara takardunsa ya gudu zuwa Worms, inda aka gama aikin a 1526. Littattafan ƙanana ne, aka riƙa cusa su cikin dilar tufafi ana shigar da su Ingila ta jiragen ruwa. A shekarar nan Bishof Tunstall ya sa aka ƙone waɗanda aka kama a harabar babbar majami'ar Bulus ta Landan. Guda 3 kaɗai aka sani sun tsira daga bugun farkon nan.

Me ya fusata shugabanni haka? Mafi yawa kalmomi huɗu ne na Helenanci. Agafe, wadda muke ce wa ƙauna. Metanoya, wato tuba, wadda Latin ya juya ta hanyar da mutane suka ɗauka ayyukan horon kai ne da firist ke ɗora wa mai zunubi. Firesbuteros, wadda ya ƙi juyawa firist, ya ce dattijo. Ta huɗun, wadda ta fi jawo ƙura, ita ce ekklesiya.

Bari mu tsaya a kanta kaɗan, gama a nan za mu ga irin aikin mutumin. Kafin zuwan Almasihu Helenawa suna da kalmar nan. A birnin Atina, ekklesiya ita ce taron 'yan gari da ake kira su yanke shawara a kan yaƙi ko doka. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci suka yi amfani da ita wajen taron jama'ar Isra'ila, shi ya sa Istifanas ya kira jama'ar da ke jeji tare da Musa da wannan suna a Ayyukan Manzanni 7:38. Kalmar ta fito fiye da sau 110 a Sabon Alkawari, amma cikin Bishara huɗu a Matiyu kaɗai take, sura 16 da sura 18. Wurin da Tindal ya fi kafa hujja da shi shi ne Ayyukan Manzanni sura 19. A can maƙeran azurfa na Afisa suka ta da gari saboda Bulus yana kashe musu kasuwar gumaka, jama'a suka cika dandali suna ihu, yawancinsu ba su ma san abin da ya tara su ba. Luka ya kira wannan hargitsattsen taro ekklesiya. Mu kanmu, ranar da malaminmu na makarantar Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wannan, sai da muka sake dubawa.

Jerom bai juya kalmar ba, ya ɗauke ta yadda take ya rubuta da haruffan Latin. Turawan Ingila kuwa suna da tasu, church, wadda ta samo asali daga wata kalmar Helenanci dabam mai nufin abin da ke na Ubangiji, musamman ɗakin sujada. A bakin talakawan zamanin Tindal, church ta koma nufin gini, ko kuwa bishof-bishof da firistoci da kotunansu. Saboda haka ya zaɓi congregation, wato taron jama'a, domin mai karatu ya gane da shi ake. Abin dariya, sau 2 kaɗai ya sa church cikin juyinsa duka, a Ayyukan Manzanni 14:13 da 19:37, dukansu kuwa a kan ɗakunan gumaka ne. Da wuya a ce ba da gangan ya yi ba.

Wanda ya tashi ya amsa masa shi ne Tomas Mor, lauya, aminin Irasmus, wanda ya zama babban wazirin Sarki Henri na 8 a 1529. Kada mu ɗauka Mor jahili ne, gama shi ma ya san Helenanci sarai. Hujjarsa ita ce, taro taro ne, ko na Yahudawa ko na Turkawa ko na 'yan kasuwa, amma jama'ar Almasihu ta daɗe da sunanta wanda kowa ya sani, wanda ya canza sunan kuwa yana so ne ya raba mutane da shugabanninsu, kamar yadda Luta ya yi a Jamus. Tindal ya ba da amsa a 1531, ya tuna masa cewa amininsa Irasmus ma ya sa kalmar taro a wurare da dama cikin sabon juyinsa na Latin, ba wanda ya ce masa uffan. Mor ya sake rubuta ƙaton littafi na martani. A ganinmu, wajen ma'anar Helenanci Tindal ne da gaskiya. Amma Mor bai yi kuskure ba da ya hango cewa zaɓen kalmar yana da manufa a bayansa. Zagin da suka yi wa juna kuwa bai dace da ko ɗayansu ba.

Tindal ya zauna a Antwerp, a Beljiyam ta yau, cikin gidan fataken Ingila. Ya fitar da littattafan Musa biyar daga Ibrananci a 1530, ya gyara Sabon Alkawari a 1534. Sarki Henri ya aiko masa da jakada a 1531 ya lallashe shi ya komo gida, ya ce zai komo in sarki ya yarda a ba jama'a Nassi cikin harshensu, ko da juyin wani ne. A watan Mayu 1535 wani saurayi, Henry Phillips, wanda ya shige masa da sunan abota har suna cin abinci tare, ya bashe shi ga ma'aikatan Sarkin Sarakuna Charles na 5. Aka kulle shi a kurkukun Vilvoorde kusa da Brussels wajen wata 16. Wasiƙarsa ɗaya daga can ta tsira, inda ya roƙi hula da riga masu ɗumi, da fitila saboda duhun dare, fiye da kome kuma Littafinsa na Ibrananci da littafin nahawu da ƙamus. Laifin da aka kama shi da shi na koyarwa ne, musamman batun barata ta wurin bangaskiya. A farkon Oktoba 1536 aka shaƙe shi, aka ƙone gawarsa. Mor ya riga shi tafiya, gama Sarki Henri ya sa an fille masa kai a Yuli 1535 don ya ƙi yarda sarki ne shugaban ikkilisiyar Ingila.

A 1537 aikin Tindal ya fito da iznin sarki a ƙarƙashin wani suna, babban juyin da aka ajiye a majami'un Ingila daga 1539 kuma ya riƙe congregation. Amma da Sarki Jemis ya tara masana a 1604, cikin ƙa'idodin da aka ba su har da cewa a bar church, kada a sa congregation. Juyin nan na 1611 ya kwashi yawancin maganar Tindal a Sabon Alkawari, ya riƙe ƙauna a wurare da yawa, ya riƙe tuba da dattawa, ya bar masa waccan ɗaya.

Masu juyin Hausa, tun daga na 1932 wanda Likita Mila na Wusasa ya yi babban aiki a kansa, suka bi hanyar Jerom, suka ari kalmar Helenanci yadda take. Ita ce ke cikin sunan TEKAN da HEKAN da EYN. Coci kuwa ta bakin Turawa ta shigo mana. A labarin maƙeran Afisa masu juyinmu ba su ce ikkilisiya ba, suka ce taro, ko da yake a Helenanci kalmar ɗaya ce da ta Matiyu 16:18.