Terry Fox: Matashin Da Ya Yaƙi Ciwon Daji Da Ƙafa Ɗaya

An haifi Terry Fox a Kanada a 1958. Yana da shekara 18 ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafar dama. Ganin wahalar majinyata, ya ƙudiri aniyar ratsa ƙasarsa da gudu domin tara kuɗin binciken cutar.

Ya tashi ranar 12 ga Afrilu, 1980, da ƙafar roba. Bayan kwana 143 da kilomita 5,373, kwatankwacin Kano zuwa Legas sau biyar, cutar ta kama huhunsa, dole ya tsaya. Kafin rasuwarsa ranar 28 ga Yuni, 1981, an tara dalar Kanada miliyan 24. Har yau ana gudun tunawa da shi kowace shekara.