Barthélemy Boganda: Maraya Da Ya Zana Tutar Afirka Ta Tsakiya

An haifi Barthélemy Boganda a shekarar 1910 a ƙauyen Bobangui, wanda a lokacin ke ƙarƙashin mulkin Faransa. A zamanin nan kamfanonin Turawa ke tilasta wa talakawa tatsar roba a daji, da bulala da ɗauri. Ya rasa iyayensa tun yana ƙarami, 'yan mishan na Katolika suka raine shi, suka sa shi makaranta. A 1938 ya zama ɗan ƙasa na farko da aka naɗa limamin Katolika a Ubangi-Shari.

A 1946 aka zaɓe shi wakili a majalisar dokokin Faransa, inda ya yi ta fallasa aikin tilas da wariyar launin fata. Ya kafa jam'iyyar MESAN a 1949, ya auri Bafaranshiya, Michelle Jourdain, a 1950, bayan dangantakarsu ta raba shi da rigar limanci.

Babban burinsa shi ne Ubangi-Shari da Chadi da Kongo da Gabon su zama ƙasa guda, don yana ganin ƙaramar ƙasa marar teku ba za ta iya tsayawa da ƙafarta ba. Maƙwabta suka ƙi. Ranar 1 ga Disamba, 1958, Ubangi-Shari ita kaɗai ta ɗauki sunan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da tutar da ya zana.

Tutar na da layuka huɗu a kwance: shuɗi, fari, kore da rawaya. Shuɗi da fari daga tutar Faransa suka fito, kore da rawaya kuwa launukan Afirka ne da aka gada daga Habasha. Jan layi ya ratsa su daga sama har ƙasa, alamar jinin da Bature da baƙar fata suka yi tarayya a kansa. A kusurwar sama akwai tauraro rawaya, mai nuna 'yanci.

Boganda bai ga ranar 'yancin ba. A 29 ga Maris, 1959, jirgin da ya ɗauko shi daga Berbérati zuwa Bangi ya faɗi kusa da Boda, babu wanda ya tsira. David Dacko ne ya karɓi 'yancin a 13 ga Agusta, 1960. Ƙasar ta sha juyin mulki, ta zama daular Bokassa, ta faɗa yaƙin basasa, amma har yau ba a sauya tutar ba.