Sarkin Kabi Sama'ila (1883–1915) da Sauyin Rayuwar Ƙauyukan Kabi

Sama'ila, wanda Kabawa suka fi sani da Sama, ɗan Yaƙubu Nabame ne, jikan Karari. Gidansu gidan gwagwarmaya ne. A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, sarakunan Kabi suka rasa babban birninsu, daga bisani suka kafu a Argungu. An kashe Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Nabame Sakkwato, inda ya shekara goma sha takwas. A 1849 Nabame ya yi tawaye, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, har aka kashe shi a fagen fama a 1854. A lokacin Sama'ila yana yaro, saboda haka da ƙarar tambarin yaƙi ya yi wayo.

Ya hau gadon sarauta a 1883 bayan Abdullahi Toga, sarkin da aka ƙulla sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga a zamaninsa. Wannan sulhu ya riga ya warware kafin hawan Sama'ila, shi kuwa bai nemi a ɗinke shi ba. Ya yi ta kai hare-hare ƙasashen Gwandu da Sakkwato, har masu tarihi suna cewa garuruwan da ya ci sun kai kimanin casa'in. Da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo babbar runduna Argungu a farkon shekarun 1890, sai Kabawa suka tare ta, suka fatattake ta.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne halin da talaka yake ciki a wannan zamani. Fadamar Gulbin Kabi ƙasa ce mai albarka, ga shinkafa, ga kifi, ga makiyaya. Amma manomi ba ya iya yin nisa da ganuwa, domin mahara na iya sure shi a gona, washegari ya wayi gari bawa. Jama'a suka dunƙule cikin garuruwa masu ganuwa, gonakin nesa suka zama saura. Wannan masifa ta shafi ɓangarorin biyu, kuma adalci ne a faɗa cewa jarumtar da ake yi wa Sama'ila kirari da ita a Argungu, ita ce ta hana mutanen ƙauyukan Gwandu barci. A cikin wannan zaman ɗar-ɗar Kabawa suka ci gaba da riƙe al'adunsu na ruwa. Akwai Gyaran Ruwa da Fashin Ruwa, waɗanda ba a shiga su sai an gudanar da su, Sarkin Ruwa kuma shi ke ba da izini, sannan masunta su faɗa ruwa da homa da gora.

Zuwan Turawa ya juya al'amura. Sama'ila bai yaƙe su ba. Ya ɗauke su abokan taimako a kan tsofaffin abokan gabarsa, har sojan Ingila suka yi sansani a Argungu kafin a ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Dabarar ta tsare masa sarautarsa, domin Argungu ta zama masarauta mai cin gashin kanta, ba a ƙarƙashin Gwandu ba. Sai dai ya yi hasara babba. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta jefa Doso da Dogonduci cikin ƙasar da ta zama Nijar, Birnin Kebbi kuwa, wadda kakanninsa suka yi ta zubar da jini dominta, ta zama mazaunin Sarkin Gwandu.

Shekaru goma sha biyu na ƙarshen mulkinsa su ne suka fi taɓa rayuwar ƙauye, ko da yake ba su da yawan labari a bakin maroƙa. Hari ya ƙare, kamun bayi ya zama laifi. Mutane suka fita daga ganuwa suka kakkafa tungaye kusa da gonakinsu, Fulani suka shigo fadama da shanu, fatake suka bi hanya ba ɗan rakiya. A madadin ganima sai haraji da jangali, kuɗin Turawa kuma suka soma ture wuri. Baraden da suka tashi da takobi suka koma noma ko aikin hakimi da dagaci.

Sama'ila ya rasu a 1915. Sulhun da bai ƙulla da Sakkwato ba, a zamanin ɗansa Muhammadu Sama ya tabbata. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su don girmamawa. Daga nan al'adar masunta ta ƙauye ta fara komawa bikin da ake yi a Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016. Tsohuwar fadar da Sama'ila ya zauna a ciki an mayar da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958.