Marigayi Umaru Ganda: Ɗan Dakon Da Ya Ƙarasa Labarinsa Da Kansa

Duk wanda ya yi cinikin kaset da faifan CD a kasuwannin Garwa, Tuboro da Mbaibum ya san ƙorafin masu saye game da kashi na biyu na fim: sau da yawa ana jan labari ne kawai don a sake karɓar kuɗi. To amma yau za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah ɗan Nijar wanda ci gaban labarinsa ya ba da mamaki.

An haifi Umaru Ganda a birnin Yamai a shekarar 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indosin, yankin da ƙasar Biyetnam take a yau. Da ya dawo gida bai samu aikin yi ba, sai ya yi abin da dubban matasanmu suke yi har gobe, wato ya tsallaka iyaka neman abinci. Ya sauka Abijan, ya kama aikin dako a tashar jiragen ruwa.

A can ne ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ke bincike a kan 'yan ci-rani. Rouch ya sa shi a fim ɗinsa mai suna Moi, un noir na shekarar 1958, inda Ganda ya fito a matsayin ɗan ci-ranin Nijar mai fama da rayuwa a unguwar Treichville. Fim ɗin ya ci kyautar Louis-Delluc a Faransa, sunan Rouch ya ƙara ɗaukaka. Sai dai labarin sojan Ganda taɓa shi kawai aka yi a ƙarshen fim ɗin. Mai riƙe da kyamara shi ne mai zaɓen abin da za a gani.

Bayan ya koma Yamai, Ganda ya koyi aikin fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. A ƙarshen shekarun 1960 ya fitar da Cabascabo, fim baƙi da fari na kimanin minti 45 cikin harshen Zabarmanci, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito jarumi tare da Zalika Souley. Ba a yi masa laƙabi da kashi na biyu ba, amma ya cike giɓin da fim ɗin farko ya bari. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indosin da kuɗi a aljihu, abokai da mata suka yanyame shi, da kuɗin suka ƙare kowa ya watse. Ya nemi aiki ya sha wulaƙanci, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara. Kowane ɗan kasuwa da ya taɓa karyewa ya san wannan labari.

Wa zai yi zaton tsohon ɗan dako zai kai nan? A 1969 an nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa, kuma ya samu lambar yabo a bikin fina-finai na Mosko. Lallai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Bai tsaya nan ba. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya auri budurwar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, abin ya ƙare da kisan kai, shi ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Sannan ya yi Saitane, a kan wani malamin tsibbu mayaudari, da L'Exilé a 1980.

Allah ya yi masa rasuwa ran 1 ga Janairu, 1981. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.