Hasan Fatahi, maginin talakawa

An haifi Hasan Fatahi a birnin Iskandariya, a ƙasar Masar, a shekara ta 1900. Ya yi karatun zanen gine-gine a Alƙahira.

A zamaninsa, siminti da ƙarfe da katako sun yi wa manoma tsada. Sai Hasan ya tafi kudancin Masar wurin maginan Nuba. Ya ga yadda suke rufe ɗaki da tubalin laka kaɗai, ba azara ko guda. Irin wannan ɗaki ba ya cin kuɗi da yawa, kuma da sanyi a cikinsa lokacin bazara.

Gwamnati ta ba shi aikin gina sabon ƙauyen Gurna. Ya gina gidaje da masallaci da kasuwa da makaranta, ya koya wa samari sana'ar. Amma mutane da yawa sun ƙi barin tsohon ƙauyensu, aikin ya tsaya a 1948. Hasan bai karaya ba. Ya rubuta littafi a kan ginin talakawa, duniya ta san shi. Ya rasu a 1989.

Tun wajen 1980, magina a Nijar suka koyi wannan gini marar itace. Kowane ɗakin da aka rufe haka ya ceci itatuwan dajinmu.