Janar Kutu Acheampong: Sojan da ya so Ghana ta ci da kanta da dokar soja

A filinmu na tarihin fitattun mutane na yau za mu duba rayuwar Janar Ignatius Kutu Acheampong, wanda ya mulki ƙasar Ghana daga shekarar 1972 zuwa 1978. Duk inda aka ambaci sunansa a Kumasi, musamman a unguwannin Zongo irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, abubuwa biyu ne ke faɗo wa dattawan da suka ga zamaninsa a rai: shekarun da abinci ya wadata har a bayan gida ake noma, da kuma shekarun da aka wayi gari ana bin layin sukari da sabulu. Mutum ɗaya ne ya jagoranci ƙasar a lokutan biyu, kuma da doka ya nemi ya magance yunwa a kowannensu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihinsa, domin har gobe gwamnatocin Afirka ta Yamma suna fama da tambayar da ya yi fama da ita.

An haifi Acheampong a ranar 23 ga Satumba, 1931 a ƙasar Asante, kuma asalin iyayensa garin Trabuom ne da ke kusa da Kumasi. Iyayen nasa mabiya ɗarikar Katolika ne, saboda haka a makarantun mishan ya yi karatunsa na farko, kafin ya wuce kwalejin koyon kasuwanci da ke Agona Swedru. Bayan ya gama ya taɓa aikin akawu da na koyarwa, sannan ya shiga soja a matsayin kurtu a farkon shekarun 1950. An tura shi makarantar horon hafsoshi ta Mons da ke Aldashot a Ingila, ya zama hafsa a shekarar 1959. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, ya kuma yi kwas a Fort Leavenworth da ke Amurka. Bayan juyin mulkin da ya kifar da Kwame Nkrumah a 1966, an ɗora masa shugabancin kwamitin mulki na Jihar Yamma, inda ya fara sanin yadda ake tafiyar da al'amuran farar hula.

Kafin mu zo kan mulkinsa, yana da kyau mai karatu ya san halin da Zongon Kumasi ke ciki a lokacin. Hausawa sun daɗe suna fataucin goro da Tonawa ta hanyar Gwanja, amma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kuma shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896 ne suka yi kaka-gida a birnin tare da Mosawa da Dagwamba da Wangarawa da Zabarmawa da sauran baƙi. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zamana wani babban kaso na abincin da ke shigowa Kumasi daga arewa, kamar shanu da tumaki da albasa da wake da gero da gyaɗa, ta hannun mutanen Zongo yake biyowa. Maigida ne ke saukar da bafatake, ya ajiye masa kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kaya bashi.

Wannan tsari ya girgiza a ranar 18 ga Nuwamba, 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Kofi Abrefa Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka fice, akasarinsu 'yan Nijeriya da Nijar da Mali da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, cikinsu har da waɗanda a Ghana aka haife su. A 1970 kuma aka kafa wata doka da ta hana baƙi ƙananan sana'o'i da ciniki a kasuwanni. Gonakin koko sun rasa leburori, kasuwanni sun rasa gogaggun 'yan kasuwa. Sai ga farashin koko ya faɗi a kasuwar duniya, bashi ya yi wa ƙasar katutu, har a watan Disamba na 1971 Busia ya karya darajar sidi da kashi 44 cikin 100. Kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo.

A ranar 13 ga Janairu, 1972, Busia yana Landan wajen ganin likita, Acheampong, wanda a lokacin yake Kanar mai jagorancin Birged ta Ɗaya, ya karɓe mulki ba tare da zubar da jini ba. Ya kafa majalisar mulkin soja da ake kira NRC a taƙaice. Cikin makonni kaɗan ya ɗaga darajar sidi, ya kuma bayyana cewa Ghana ba za ta biya wasu basussukan waje da ta ce akwai cin hanci a cikinsu ba. Wannan mataki ya ja masa farin jini a gida, amma ya toshe wa ƙasar ƙofar samun sabon bashin shigo da abinci. Ke nan ko da bai so ba, dole Ghana ta noma abin da za ta ci.

A watan Fabrairu na 1972 aka ƙaddamar da shirin da aka yi wa laƙabi da Operation Feed Yourself, wato Ci da Kanka. An ayyana shekarun 1972 zuwa 1974 a matsayin shekarun yaƙin noma. An yanka wa kowace jiha abin da za ta noma gwargwadon ƙasarta, an taƙaita shigo da abinci daga waje, an rage kuɗin taki da na hayar tarakta, an kuma umarci bankuna su ba manoma rance. Makarantu da barikokin soja da gidajen yari duk sun buɗe gonaki, ma'aikatan gwamnati a birane kuma suka shuka rogo da masara da kayan miya a bayan gidajensu. Ɗaliban jami'a sun fita aikin sa kai na saran rake a Komenda da Asutsuare, da haƙar magudanar ruwan noman rani a Dawhenya. Kanar Frank Bernasko, ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe kujerar kwamishinan gona, ya yi suna ƙwarai wajen tsayawa kan shirin.

Ba za mu tauye wa Acheampong haƙƙinsa ba, shirin ya yi tasiri a shekarunsa na farko. Damina ta yi kyau, masara ta yi yawa, shinkafar da aka noma a fadamun arewa, a kewayen Tamale da kwarin Fumbisi, ta kai ga ƙasar ta kusa daina shigo da shinkafa baki ɗaya a wajajen 1974. Idan muka tuna cewa a daidai lokacin ne fari ya hallaka dabbobi da mutane a Nijar da Mali da arewacin Nijeriya, har duniya ta kira babban taron abinci a birnin Rum a watan Nuwamba na 1974, za mu gane dalilin da ya sa aka riƙa kallon Ghana a matsayin abin koyi. Ko a Nijeriya, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da nata shirin mai kama da wannan, Operation Feed the Nation, a 1976.

To amma noma daban, kai abinci bakin mai ci daban. A nan ne shirin ya fara tangal-tangal. Gwamnati ta zuba ƙarfinta wajen share gona da shuka, ba ta ba abin da ke biyo bayan girbi kulawar da ta kamata ba. A arewa, an buɗe manyan gonakin shinkafa fiye da abin da injinan girbin da ake da su za su iya kwashewa, sai shinkafa ta bushe a tsaye, ta zube, ko wutar daji ta lokacin hunturu ta cinye ta. Wasu gobarorin ma da gangan aka riƙa tayar da su, saboda ƙauyawa suna jin haushin yadda manyan hafsoshi da ma'aikata da attajirai suka mamaye fadamunsu da rancen banki. A ƙasar Asante kuwa, masarar babbar damina ana cire ta ne a watannin Agusta da Satumba, lokacin da iska ke da danshi, kuma idan babu wurin busarwa da sito mai kyau, sai ta yi fumfuna ko ƙwaro ya huda ta. Tumatir kuwa kwanaki ƙalilan yake yi ya ruɓe idan mota ba ta zo ba.

Motocin ma sun yi ƙaranci. Tashin farashin man fetur na 1973 ya cinye kuɗin waje, tayoyi da kayan gyara suka yi wuyar samu, hanyoyin karkara suka lalace. Akwai hukumar rarraba abinci ta gwamnati da aka ɗora wa sayen amfanin gona da adana shi, sai dai abin da take iya saye bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da 'yan kasuwa ke ɗauka. Takin da aka rage wa kuɗi da ita kanta shinkafar kuma, an riƙa fasa-ƙwaurinsu zuwa maƙwabta inda ake biya da sefa mai daraja. Daga 1975 damina ta fara gardama, noman masara ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, kuma babu wani rumbun tsimi da aka cika a shekarun yalwa da za a buɗe a shekarun fari.

Maimakon gwamnati ta gyara wannan giɓi, sai ta juya kan 'yan kasuwa. An kafa dokar ƙayyade farashi a 1974, aka tsananta hukunci kan ɓoye kaya da fasa-ƙwauri. Dokar ta fi shafar kayan kanti irin su sukari da madara da fulawa da sabulu da kifin gwangwani. Da yake farashin gwamnati ya yi ƙasa da na gaskiya nesa ba kusa ba, sai kayan suka ɓace daga kantuna. Wanda ke da uwa a gindin murhu shi ke samun 'yar takardar izinin sayen kaya a farashin hukuma, ya juya ya sayar da ninkin-ba-ninkin. Wannan harka ce aka sa wa suna kalabule, kalmar da mutane da yawa ke cewa daga bakin Hausawa aka aro ta. Masu riƙe da takardun suna ofisoshi da barikoki, amma matan Babbar Kasuwar Kumasi da ta Makola a Akara da ƙananan 'yan tireda na Zongo, waɗanda suke saye da tsada daga hannu na uku ko na huɗu, su ne jama'a ke gani, su ne kuma aka fi kamawa.

A watan Oktoba na 1975 Acheampong ya sauya majalisarsa zuwa majalisar ƙoli ta soja, SMC, ya ƙara tattara iko a hannunsa. Gwamnati ta yi ta buga kuɗi don cike giɓin kasafi, har hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a shekarar 1977. A wannan shekarar yunwa ta addabi arewa maso gabashin ƙasar, gwamnati kuma ta yi jan ƙafa wajen amincewa da girman matsalar, domin yin haka tamkar amincewa ne da cewa shirin da take alfahari da shi ya gaza. Noman koko shi ma ya faɗi, har Kwaddibuwa ta ƙwace wa Ghana matsayin ta ɗaya a duniya. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, likitoci da lauyoyi suka shiga yajin aiki.

Acheampong ya nemi mafita ta hanyar wani tsari na gwamnatin haɗaka tsakanin soja da 'yan sanda da farar hula ba tare da jam'iyyu ba. An yi ƙuri'ar raba gardama a kai ranar 30 ga Maris, 1978, aka ce tsarin ya yi nasara, amma jama'a da dama ba su yarda da sakamakon ba. A ranar 5 ga Yuli, 1978 abokan aikinsa a ƙarƙashin Laftanar Janar Fred Akuffo suka tilasta masa sauka, daga baya aka tuɓe masa muƙamansa aka mayar da shi Trabuom. Bayan juyin mulkin ƙananan hafsoshi na 4 ga Yuni, 1979 wanda ya kawo Jerry Rawlings, an harbe shi a filin harbi na Teshie ranar 16 ga Yuni, 1979, yana da shekara 47. Sai a watan Disamba na 2001, zamanin Shugaba John Kufuor, aka miƙa gawarsa ga iyalansa suka sake binne shi a garinsu.

Abin lura shi ne, waɗanda suka kashe shi ba su bar hanyarsa ba, ƙara mata ƙaimi suka yi. A 1979 sojoji sun shiga kasuwanni suna tilasta sayar da kaya a farashin hukuma, har da kayan gona, ana yi wa 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a, a watan Agusta kuma aka rushe kasuwar Makola. A Kumasi, fatake da yawa sun daina zuwa ƙauye saro kaya saboda farashin bai ko biyan kuɗin mota, abinci ya zauna a gona yayin da birni ke nema. Yunwar 1983, da fari da gobarar daji da dawowar 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya suka haɗu suka haifar, ita ce ta kai lamarin maƙura.

Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta. A ƙasashe masu arziki, a kanti da gida ake zubar da shi, shi ya sa Faransa ta kafa doka a 2016 da ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba, ta wajabta masu ba ƙungiyoyin agaji. A ƙasashenmu kuwa, tsakanin gona da kasuwa yake lalacewa. Ghana ta ɗauki wasu matakai tun daga lokacin, kamar ciyar da 'yan makaranta daga 2005, da kafa kamfanin adana abinci na ƙasa a 2010, da shirin bunƙasa noma na 2017.

Darasin da muke gani a rayuwar Acheampong shi ne, doka tana iya fitar da mutane gona, kuma ya nuna haka a aikace. Amma doka ba ta busar da masara, ba ta gyara hanya, ba ta kuma saukar da farashin abin da babu shi. Dokar da za ta rage yunwa ita ce wadda za ta tanadi sito da hanya da rance ga manomi da mai mota da ɗan kasuwa, ta kuma ɗauki maigida da dillalin Zongo da matan kasuwa a matsayin abokan aiki, tunda ta hannunsu abincin ke isa ga mai ci.