Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina: Rayuwarsa Da Waƙoƙinsa

A cikin mawaƙan baka na ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda sunan Alhaji Mamman Shata ya kai. An haife shi a garin Musawa ta ƙasar Katsina wajen shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A wancan zamani kuwa kiɗa da waƙa sana'ar gado ce, ɗan makaɗi shi ke ɗaukar gangar ubansa, sauran jama'a kuma suna ɗaukar abin a matsayin roƙo. Saboda haka mahaifinsa bai ji daɗin ganin ɗansa ya karkata ga waƙa ba ko kaɗan.

Kamar sauran yaran Musulmi, an sa shi makarantar allo. Da ya tasa sai ya shiga tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Da dare kuma yakan fita dandali inda samari da 'yan mata ke taruwa, ya riƙa waƙa don nishaɗi, ba tare da neman ko anini ba. A nan ne baiwarsa ta fara bayyana, har ya shafe sauran tsaransa, labarinsa ya bazu cikin ƙauyukan da ke kewaye.

Da ya ƙudura zai riƙi waƙa sana'a, sai ya bar Musawa ya koma Bakori, inda ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, yake aikin sayen auduga da gyaɗa. Daga Bakori ya riƙa zagaya garuruwa, yana yi wa 'yan kasuwa da manoma da 'ya'yan sarakuna waƙa. A shekarar 1952 ya yi wasa a Kano, wajen bikin da aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki, kuma daga nan ne tauraronsa ya haska sosai. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin da ya zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa.

Domin a gane matsayin Shata, ya kamata a duba yadda manyan mawaƙan da ya tarar suke. Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuma makaɗin taushi ne a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Kowannensu yana da ubangida guda, ci da sha da suturarsa duk suna wuyan fada. Shata kuwa kalangu ya ɗauka, watau gangar mahauta da 'yan mata da bukukuwan talakawa, wadda ba a lissafa ta cikin kayan kiɗan sarauta. Da wannan ganga ya shiga fadoji, ya fita, bai zama mallakar kowace fada ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya zama babban amininsa, amma kuma ya yi wa direbobi da dogarai da fatake da mata masu sana'a. Mutanen ƙasar Gwandu ba za su manta da waƙar Umaru Ɗanɗanduna ba, wadda ta kai sunan mutuminsu da na garinsu ko'ina ake jin Hausa.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne ga kunne, amma mai wuyar kwaikwayo. Yakan kafa amshi gajere ya bar wa 'yan amshi suna maimaitawa, shi kuma ya riƙa zuba baitoci a kai nan take, gwargwadon wurin da yake da mutanen da ke gabansa. Ba ya zama ya tsara waƙa a takarda, shi ya sa waƙa guda takan fito da sura dabam-dabam duk lokacin da ya sake rera ta. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa yana ba da labarin yawace-yawacensa, ita ce babban misalin haka. Kuma kamar yadda ake kwaɗayin yabonsa, haka ake tsoron zambonsa, domin wanda ya shiga bakinsa, sai dai ya haƙura.

Zamaninsa ya dace da yaɗuwar rediyo da faifan garmaho, daga baya kuma kaset. Gidan rediyon Kaduna ya kai muryarsa har Nijar da Gana da Kamaru da sauran wuraren da Hausawa ke zaune. Shi kuma bai bar wani abin da ya faru ya wuce shi ba. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo waƙa. Ya yi waƙoƙin noma, da na aure, da na yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba a rasa masu sukarsa ba, musamman malamai, a kan waƙarsa ta shan giya, amma hakan bai rage masa masu saurare ba.

Ya taɓa siyasa kuma. A cikin shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN, sa'an nan a Jamhuriya ta Uku ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa.

Sana'ar da aka raina a farkon rayuwarsa, ita ce ta kai shi zauren jami'a. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988. Bayan rasuwarsa Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun wallafa tarihinsa cikin littafin Shata Ikon Allah.

Allah ya yi masa rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a watan Yuni na 1999, bayan doguwar jinya, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Shi kansa bai ƙididdige waƙoƙinsa ba, kuma da yawa daga cikinsu suna kan tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset waɗanda zafi da ƙura ke cinyewa. Aikin tattara su da rubuta su ya rataya a wuyan gidajen rediyo da hukumomin al'adu da ɗaliban Hausa, domin a cikinsu akwai tarihin shekara hamsin na Arewa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.